Ribaɗi: daga Wurno zuwa Shisanhang

Kalmar ribaɗi daga Larabci muka aro ta, tushenta kuwa ɗaurewa ne: wurin da ake ɗaure dawakai a bakin iyaka, dakaru suna zaune cikin shiri. Ya bambanta da sansani. Sansani yau a kafa shi, gobe a tashi; ribaɗi kuwa zama ne na dindindin, da ganuwa da masallaci da makaranta da gonaki. A kan wannan tsari Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno, ya koma can da zama yana tsaron iyakar daula, har ya rasu a 1837. Ko Rabat, babban birnin Maroko, daga nan sunansa ya fito.

Sai dai Manzon Allah (SAW) ya faɗaɗa ma'anar. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, ya kira kyautata alwala cikin wahala, da yawaita taku zuwa masallatai, da jiran salla bayan salla da sunan ribaɗi.

Wannan ma'ana ta biyu ita ta shafe mu a Guangzhou. 'Yan'uwanmu da dama suna sarin tufafi a Shisanhang, unguwar da daular Qing ta keɓe wa fataken Turawa daga 1757 zuwa 1842. Kasuwar da safe take ci, ba a jin ladan, azahar kuma takan shigo ana tsakiyar ɗaurin kaya. A ganina, wanda ya bar wa abokinsa dila ya taka zuwa masallacin Huaisheng da ke titin Guangta ya fi ni kusa da lafazin hadisin, ni da nake shimfiɗa darduma a ofis.