Amsar Tambaya: Birkin Hilux ɗina na karkarwa

Tambaya: Ina jigilar doya da a-kori-kura ƙirar Hilux tsakanin Parakou da Djougou. In na taka birki da ƙarfi sai fedar ta riƙa karkarwa tana gurnani. Makanike ya ce a cire ABS a huta. In yarda? Daga wani direba a Ganou.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yarda. Wannan karkarwar ba cuta ba ce, ABS ne ke aikinsa. Akwai na'urori da ke auna gudun tayoyi. Da zarar taya ta so ta cije, sai kwamfutar motar ta sassauta mata birki ta sake matsewa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Tayar da ke juyawa ita ke bin sitiyari, wadda ta cije kuwa sulɓewa take yi. Tun 1978 Bosch da Mercedes suka fito da wannan tsari.

A a-kori-kura ya fi muhimmanci, domin in ka sauke kaya bayanta ba nauyi, tayoyin baya su ke fara cijewa, motar ta juya da kai. To ka danne fedar, kada ka riƙa ɗagawa kana takawa, ka kauce da sitiyari.

Amma a kan tsakuwa da jar ƙasar hanyoyin ƙauye, ABS kan ƙara nisan tsayawa, sai ka rage gudu tun da wuri. In fitilar ABS ta ƙi mutuwa bayan ka tada mota, a duba fis da wayoyin tayoyi, domin laka da ƙura kan toshe na'urorin.