Tatsar Nono Domin Jariri Idan Uwa Za Ta Fita

Jama'a, an daɗe ana jan hankalinmu cewa jariri ba ya bukatar komai sai nonon uwarsa har ya cika wata 6: ba ruwa, ba koko, ba jiƙo. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan. To amma hutun haihuwa a dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ne. Jihar Kaduna ta kai na ma'aikatanta wata 6 a 2019, madalla. Malamar makarantar kuɗi fa? Ɗaliba mai jarrabawa fa? Yaro bai kai wata 3 ba za ta bar shi wurin kakarsa, ya tsanyara kuka, kaka ta ce ƙishirwa ce, ta ɗauko moɗa. Nan ake yin ɓarna, domin nono kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, ruwan randa kuwa kan zo da gudawa.

Mafita ita ce uwa ta tatsa ta ajiye. Wasu na jin kunya, wai sai ka ce saniya. A ganina wannan kunya ba ta da amfanin komai.

Ki sani, 'yar'uwa, nono ba ya ƙarewa don an tatsa. Gwargwadon abin da aka fitar, gwargwadon abin da jiki zai sake kawowa. Wadda ta yini nono cike, jikinta zai ɗauka yaro ya ƙoshi, sai ya rage. Wani lokaci ma nonon ya sanƙare, zazzaɓi ya biyo baya. Shi ya sa ko a wurin aiki ya kamata ki tatsa a lokutan da yaron ya saba sha. Dokar ƙwadagon nan ta ba mai shayarwa rabin awa sau 2 a cikin lokacin aiki, ki nemi haƙƙinki.

Akwai na'urar tatsa, ta hannu da ta lantarki, amma kowane ɓangare nata sai an kwance an wanke bayan kowace tatsa. Inda ruwa ke wuya, hannunki ya fi. Ki wanke shi da sabulu, ki ɗauraye kofi mai murfi da tafasasshen ruwa. Ki ɗumama nonon da tsumma, ki murza a hankali. Sa babban yatsa a saman baƙin da ya kewaye kan nono, manuniya a ƙasa, ki danna ciki wajen ƙirji, ki matse, ki saki, ki sake. Kada ki ja kan nonon, ciwo kawai za ki ji. Da fari ɗigo-ɗigo zai zo, kada ki karaya. Can sai ya tsarto. In ya ja baya, koma ɗayan. Ki fara gwadawa tun kina gida, kafin hutu ya ƙare.

A ɗaki mai sanyi nonon da aka tatsa kan yi awa 4 bai lalace ba. Da bazara kuwa, a irin zafin Sakkwato, kada a jira haka. A rufe kofin a tsoma gindinsa cikin ruwan sanyi, a ba da shi da wuri. A firiji yana kai kwana 4, muddin wuta ba ta ɗauke ba. In kin ga maiƙo ya taso sama, ba lalacewa ya yi ba, juya kofin kaɗan zai haɗe.

Ke kuma Iya, da za a bar wa jika, kada ki ɗora nonon a wuta. Tsoma kofin cikin ruwan ɗumi ya isa. Ki tallafo yaron a zaune, ki kafa bakin ƙaramin kofi a leɓensa na ƙasa, ki karkata har nonon ya taɓa leɓen, shi zai lasa da kansa. Kada ki ɗura masa, zai ƙware. Kofi ya fi fida sauƙin wanki. Abin da ya sha ya rage, in ya wuce awa 2 a zubar. In kina shakkar ko yana ƙoshi, ki lura da fitsarinsa: yaron da ke jiƙa tsumma sau 6 ko fiye a kwana ɗaya yana samun abin da ya ishe shi.