Firgici Yakan Zauna A Jiki, Ba Raunin Imani Ba Ne



Kwanakin baya, bayan sallar asuba, wani dattijo ya jira har jama'a suka watse sannan ya matso kusa da ni. Ɗansa saurayi ya yi wata biyu a hannun masu garkuwa da mutane. An biya kuɗin fansa, ya dawo gida, yau shekara guda ke nan. Amma har yanzu da ya ji ƙarar babur sai jikinsa ya ɗauki ɓari, gumi ya karyo masa, barci kuwa sai dai ɓarawo. Ya ce: "Malam, ruƙiyya babu irin wadda ba a yi ba. Wasu sun ce aljanu ne, wasu sun ce imaninsa ne ya yi rauni."

'Yan uwa, wannan magana ta ƙarshe ita ta fi yi mini ciwo, shi ya sa na ga ya dace mu yi darasi a kai.

Idan mutum ya shiga haɗari, jikinsa yakan saki wasu sinadarai irin su adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, tsokoki su ɗaure, don ya gudu ko ya kare kansa. Wannan rahama ce daga Allah. Matsalar ita ce, a wurin wasu, haɗarin ya wuce amma jiki bai sauka ba. Hankali ya san an tsira, jiki kuwa yana can daji. Shi ya sa cewa "ka yi haƙuri, ka manta" kaɗai ba ta isa.

Wani masani ɗan Amurka, Peter Levine, ya lura cewa dabbar dawa idan ta kuɓuce wa mai farautarta takan yi karkarwa, ta sauke numfashi, sannan ta koma kiwo. A kan haka ya gina hanyar jinya ta koya wa majinyaci sauraron jikinsa kaɗan-kaɗan har ya saki. Likita Bessel van der Kolk ma ya yi littafi a 2014 kan yadda jiki ke riƙe abin da ya faru. Gaskiya binciken da aka yi kan wannan hanya bai kai na jinya ta hanyar tattaunawa yawa ba, don haka taimako ce, ba ta maye gurbin likita.

Mu kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Annabi Yaƙub (AS) baƙin ciki ya taɓa masa idanu, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, wa zai ce imaninsa ya yi rauni? Manzon Allah (SAW) ya dawo daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa, ya nemi a lulluɓe shi. Nana Khadija ta lulluɓe shi tukuna, sai da tsoron ya tafi sannan aka yi magana. Nana A'isha, a ruwayar Bukhari, idan an yi rasuwa takan sa a dama talbina, wato kunun sha'ir, saboda yana sanyaya zuciya. Abu Dawud ya ruwaito cewa mai fushi idan yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Kun ga an bi ta jiki don a kai ga zuciya. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan hijira, littafi guda ya rubuta kan yadda lafiyar jiki da ta rai suke a sarƙe.

To me za mu yi a aikace?

1. Numfashi: a shaƙa ta hanci a ƙirga huɗu, a fitar a hankali a ƙirga shida, na minti uku zuwa biyar. Tsawaita fitar da numfashi yana rage gudun zuciya.

2. Idan firgicin ya taso, ya dafa ƙafafunsa a ƙasa, ya ambaci abubuwa biyar da yake gani a ɗakin, jiki ya gane nan gida ne.

3. Tattaki kullum, da aikin hannu, da alwala da sallah cikin natsuwa, ba ƙoton kurciya ba.

4. Kada a tilasta masa ba da labari, kada a dafa shi ta baya ba zato.

5. Idan abin ya haura wata ɗaya, ko ya fara shan ƙwaya don ya samu barci, a kai shi asibiti. Idan kuwa ya fara maganar kashe kansa, a ranar za a tafi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Maiduguri, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Addu'a da ruƙiyya ta shari'a a ci gaba da su, amma neman magani ma umarnin Manzon Allah (SAW) ne. Wanda yake da irin wannan majinyaci a gida, don Allah ya daina yi masa gori.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya dawo mana da aminci. Wallahu a'alam.