Daga Mikiya Zuwa Doki: Tarihin Bankin Barclays da Shari'o'in Takunkumi

Gabatarwa

Manomin Bakura ya san takunkumi tun kafin ya ji kalmar a rediyo. Shi ne abin da ake ɗaura wa jaki a baki idan za a ratsa da shi ta gonar wani, don kada ya kai baki ga amfanin da ba na ubangijinsa ba. Daga nan aka ari kalmar aka kai ta fagen siyasar duniya, inda wata ƙasa ko taron ƙasashe ke hana wata ƙasar ciniki, ko sayen makamai, ko taɓa kuɗinta, har sai ta bar wani hali. Da yake ta banki kuɗin kowace ƙasa ke shiga da fita, a bakin banki ake ɗaura wannan takunkumi.

Wannan darasi zai bi sawun banki guda, wato Barclays na ƙasar Ingila, wanda Union Bank mai alamar doki ya fito daga tsatsonsa. An hukunta shi a Legas a 1978, an sake hukunta shi a Washington a 2010, kuma duka biyun a kan takunkumi. Duk wanda aka damƙa wa dukiyar jama'a, kuma yake ajiye ta a banki, yana da abin koyo a ciki.

Asalin bankin da zuwansa Nijeriya

A shekarar 1690 wasu maƙeran zinariya biyu, John Freame da Thomas Gould, suka fara karɓar ajiya da ba da rance a titin Lombard da ke birnin Landan. A wancan zamani shaguna ba su da lamba, da alama ake gane su, kuma a 1728 kasuwancin ya koma wani gida mai alamar baƙar mikiya buɗe da fukafukai. Ita ce tambarin bankin har yau. A 1736 James Barclay ya shiga cikin masu shi, a 1896 kuma ƙananan bankuna 20 suka haɗe a ƙarƙashin sunan Barclay.

Ta wata ƙofa daban ya shigo ƙasarmu. Wani banki mai suna Colonial Bank ya fara aiki a Nijeriya a 1917. A 1925 Barclays ya haɗe shi da wani banki na Masar da wani na Afirka ta Kudu, ya mai da su reshensa na ƙasashen waje. A riƙe wannan haɗi da kyau, domin shi ya sa reshen Legas da na Johannesburg suka zama 'yan ɗaki ɗaya, kuma shi ya haifar da rikicin da ya biyo bayan shekara hamsin.

A Arewa bankunan Turawa sun bi layin dogo ne, wanda ya isa Kano a 1911, ya ratsa Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga da fatu suka kawo su. Manyan abokan hulɗarsu kamfanonin Turawa ne da gwamnati, shi ya sa 'yan kasuwar gida suka daɗe suna kukan ba a ba su rance. A 1969 aka yi wa reshen rajista a matsayin Barclays Bank of Nigeria, sannan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka sa mafi yawan hannun jarinsa ya dawo gida.

Hukunci na farko: Legas, 1978

Dattawan Maradun da Talatar Mafara ba za su manta da 1978 ba, domin a shekarar aka kammala ginin madatsar ruwa ta Bakolori, ruwa ya fara cin gonaki da garuruwa. A wannan shekarar ce gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta juya wa Barclays baya.

Dalilin yana Afirka ta Kudu. A 1976 'yan sandan gwamnatin wariyar launin fata suka buɗe wa 'yan makaranta wuta a Soweto. Kafin shekarar ta ƙare, reshen Barclays na can ya sayi takardun lamunin tsaro na wannan gwamnati, wato ya ranta mata kuɗin da za ta ƙarfafa sojojinta. A Nuwamban 1977 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta sayar wa Afirka ta Kudu makamai, amma bai hana bankuna hulɗa da ita ba. Ta fuskar doka ke nan Barclays bai karya komai ba.

Nijeriya ba ta jira doka ta duniya ba. Ta umarci ma'aikatu da hukumominta su kwashe ajiyarsu daga bankin, ta kuma ce a rage kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatansa 'yan ƙasar waje. Lokacin kuɗin mai ne, gwamnati ce babbar mai ajiya, saboda haka bugun ya shiga. A 1979 Barclays ya ƙara sakin hannun jarinsa, aka sauya sunan zuwa Union Bank of Nigeria, mikiya ta sauka, doki ya hau. A shekarar ce kuma Nijeriya ta karɓe kadarorin kamfanin mai na BP, gab da taron ƙasashen Commonwealth a Lusaka.

A Ingila ma ɗalibai da majami'u da wasu ƙananan hukumomi sun shafe kimanin shekara 16 suna ƙaurace wa bankin, har a Nuwamban 1986 ya sayar da abin da ya rage masa a Afirka ta Kudu ya fice. Duk da haka maganar ba ta mutu ba. A 2002 ƙungiyar Khulumani ta waɗanda mulkin wariya ya zalunta ta maka shi da wasu kamfanoni a kotu a New York. A 2009 mai shari'a Shira Scheindlin ta sallami Barclays daga ƙarar, bisa hujjar cewa harkar banki ta yau da kullum ba ta kai matsayin taimaka wa aikata laifin ba. Kotu ta wanke shi, amma kasuwar da ya rasa a Nijeriya ba ta dawo ba.

Hukunci na biyu: Washington, 2010

Kafin a fahimci shari'a ta biyu, sai an san hanyar da dala ke bi. A ce ɗan kasuwa a Talatar Mafara zai biya kuɗin injinan ban ruwa a ƙasar Sin da dalar Amurka. Bankinsa ba ya aika kuɗin kai tsaye. Yana da asusu a wani babban banki a New York, bankin mai sayarwa ma haka, kuma a can ake cire kuɗin daga wannan asusu a zuba a wancan. Duk dalar da ta ratsa New York ta shiga ƙarƙashin dokar Amurka, ko da mai biya da mai karɓa ba su taɓa taka ƙasar ba. Kwamfutocin bankunan can suna karanta kowane saƙon biya, idan suka ga sunan ƙasa ko mutumin da aka sa wa takunkumi, sai su tsayar da kuɗin.

Abin da Barclays ya amsa ya aikata shi ne, daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa 2006, ya riƙa ɓoye sunayen bankunan Iran da Sudan da Libiya da Kyuba da Myanmar a cikin saƙonninsa. Wani lokaci a goge sunan, wani lokaci a bi da kuɗin ta wani asusu na cikin gida don su fito kamar na Barclays ne. Ta haka kuɗi kusan dala miliyan 500 suka wuce. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Agustan 2010 bankin ya amince ya biya dala miliyan 298, rabi ga Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, rabi ga ofishin mai gabatar da ƙara na Manhattan, bisa yarjejeniyar a jingine tuhumar idan ya gyara halinsa. Alƙali Emmet Sullivan ya nuna rashin gamsuwa, yana tambayar dalilin da ya sa babu ko mutum ɗaya da aka gurfanar, amma daga ƙarshe ya sa hannu.

A 2016 ya sake biyan kusan dala miliyan biyu da rabi a kan takunkumin Zimbabuwe. Ba shi kaɗai ba ne. BNP Paribas na Faransa ya biya kusan dala biliyan 9 a 2014, Standard Chartered kuma, wanda First Bank ya taɓa zama a ƙarƙashinsa, ya biya dala biliyan 1.1 a 2019.

Idan aka jera hukuncin biyu, za a ga abu guda. A 1978 Nijeriya ta iya hukunta bankin saboda tana riƙe da ajiyar da yake buƙata. A 2010 Amurka ta iya hukunta shi saboda tana riƙe da ƙofar dala. Mutum na iya yaba wani takunkumi ya ƙi wani, amma a aikace wanda ke riƙe da ƙofa shi ke da ikon ɗaura shi.

Wanda bugun ya sauka a kansa

Bayan waɗannan tara, manyan bankuna suka tsorata, suka fara sallamar duk abokin hulɗar da ribarsa ba ta kai haɗarinsa ba. A 2013 Barclays ya sanar da rufe asusun kamfanonin aika kuɗi kimanin 250 a Ingila. Cikinsu akwai Dahabshiil, wanda 'yan Somaliya mazauna waje ke aika wa iyalansu kuɗin abinci da na makaranta ta hannunsa. Ba a tuhumi Dahabshiil da laifi ba, amma da asusun ya rufu, da gidaje masu yawa sun kwana da yunwa. Ya garzaya Babbar Kotun Landan, a Nuwamban 2013 ta dakatar da rufewar, a 2014 kuma aka sasanta a kan a ba shi lokaci ya nemi wata hanya. Babba ya yi laifi ya biya daga ribarsa, ƙarami ya wayi gari ba shi da ƙofa.

Mu ma mun ɗanɗana. A ranar 30 ga Yulin 2023 ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulki. Aka rufe iyakar Illela da ta Jibiya, aka tsayar da hada-hadar kuɗi, fatake masu kai kaya Ƙonni da Maraɗi suka zauna, har zuwa Fabrairun 2024 da aka janye shi. Haka kuma daga Fabrairun 2023 zuwa Oktoban 2025 Nijeriya tana cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido kan halatta kuɗin haram, abin da ya sa bankunan waje suka ƙara tsananta bincike a kan duk kuɗin da ke zuwa nan.

Darussa ga mai riƙe da amana

Na farko, a rubuta gaskiya a kowace takardar biya: sunan mai bayarwa, sunan mai karɓa, da dalilin kuɗin. Goge suna ne ya jawo wa Barclays tara.

Na biyu, kada dukiyar jama'a ta bi ta asusun mutum, kuma kada a ara wa kowa asusun cibiya don ya wuce da kuɗinsa, komai kusancinsa. A yankin da ke fama da matsalar tsaro, asusun da kuɗin da ba a san asalinsu ba suka ratsa yana iya rufuwa, haƙƙin marayu da gajiyayyu ya maƙale a ciki. Dokokin 2022 na hana halatta kuɗin haram da na yaƙi da ta'addanci sun ba hukuma wannan iko.

Na uku, idan gudummawa za ta zo daga waje, a san mai aikowa, a san ƙasar da za ta fito, a tanadi takardun rajista da rahoton binciken kuɗi tun kafin banki ya tambaya.

Na huɗu, kada a dogara da banki ɗaya. Dahabshiil ya shiga tsaka mai wuya ne saboda babu wani babban banki da ya yarda ya karɓe shi a lokacin.

Kammalawa

Barclays ya haura shekara 330, ya ga dauloli sun tashi sun faɗi, amma girmansa bai kare shi a Legas ko a Washington ba. Cibiyar da ke Talatar Mafara ko Bakura ko Maradun ba ta da lauyoyin da zai iya ɗauka, ba ta da ribar da za ta biya tara da ita. Kariyarta ita ce littafin da kowane kwabo ke da suna da kwanan wata a cikinsa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.