Malaman wasan tenis

Yara, wasan tenis bai yaɗu sosai ba a garuruwanmu. Wasunku sun taɓa ganinsa a talabijin, wasu kuwa yau suka fara jin sunansa. Mutum biyu ke yin sa, ko kuma huɗu, biyu nan biyu can. Tsawon filin metir 23,77 ne. Faɗinsa metir 8,23 in mutum biyu ke wasa, metir 10,97 in su huɗu ne. An raba filin biyu da raga. Kowane ɗan wasa yana riƙe da raketi, wani abu mai kama da rariya amma da dogon mariƙi. Da shi ake bugun ƙwallo ta tsallake raga ta faɗa cikin filin abokin karawa.

Wurin da mutane ke taruwa don wannan wasa shi ake kira kulob. A kulob akwai filaye, akwai masu share su, akwai yara masu tsintar ƙwallo, akwai kuma malamai masu koyarwa. To, su waɗannan malamai daga ina suke fitowa?

Ba hanya ɗaya suke biyowa ba. Wani tsohon ɗan wasa ne da ƙarfinsa ya ragu. Wani malamin motsa jiki ne na makaranta. A kulob da yawa na Afirka, malamin da kuke gani yau yaron tsintar ƙwallo ne a da: ya yi shekaru yana kallon manya, in sun tafi ya ari raketi ya gwada. A Faransa doka ta ce ba mai koyar da tenis a biya shi sai yana da takardar shaida wadda gwamnati ta yarda da ita. Hukumar tenis ta duniya kuma tana shirya wa malamai horo mataki-mataki. Can suke koyon cewa ba a ba ƙaramin yaro ƙwallon manya. Akwai ƙwallo mai ja, da mai ruwan lemo, da mai kore. Mai jar ta fi duka laushi da rashin gudu, da ita ake farawa.

Amma malamin da za mu fara da labarinsa ba ta ko ɗaya cikin hanyoyin nan ya biyo ba. Likita ne.

Sunansa Robert Walter Johnson. Baƙar fata ne na Amurka, an haife shi a 1899. Yana aikin likita a garin Lynchburg, cikin jihar Birjiniya. Da yana saurayi ƙwallon Amurkawa yake bugawa, sai da ya girma ya kama tenis. A zamaninsa akwai wariyar launin fata a kudancin Amurka. Baƙi ba su shiga makarantar farare, ba su shiga kulob ɗinsu, ba su shiga gasarsu. Da likita ya ga haka, sai ya gina filin tenis a cikin gidansa. Duk lokacin babban hutun makaranta yakan tara yaran baƙar fata, ya ba su ci da sha da wurin kwana, ya koya musu wasa da kuɗin aljihunsa. Su kuma suna gyaran fili, suna cire ciyawar lambu, suna sauran aikace-aikacen gida.

Cikin waɗanda suka zauna gidansa akwai wata budurwa, Althea Gibson. Shi da wani likita abokinsa, Hubert Eaton, suka ɗauki nauyinta tun 1946. Ita ce baƙar fata ta farko da ta ci babbar gasar Faransa, a 1956. Ta kuma ci gasar Wimbledon ta Ingila a 1957 da 1958.

Likita yana da wata doka mai wuyar bi. A gasar yara sau da yawa babu alƙali, ɗan wasa shi ke faɗin ko ƙwallon abokin karawarsa ta faɗa ciki ko waje. Likita ya ce wa yaransa: in ƙwallo ta faɗa waje amma daf da layi, kamar da santimetir 5, su ɗauka ciki ta faɗa. Kada su yi gardama, kada su jefar da raketi, kada su ɗaga murya. Ku duba, yaro yana gani da idonsa shi ke da gaskiya, amma ya bar wa wani! Dalili shi ne, an fara barin baƙi kaɗan su shiga gasar farare, kuma akwai masu jiran yaro ɗaya ya yi rigima su ce a kore su duka. Likita ya san haka. Saboda haka ba bugu kaɗai yake koyarwa ba, har da haƙuri da kama kai.

A 1953 aka kawo masa wani siririn yaro mai shekara 10, sunansa Arthur Ashe. Uban yaron shi ke kula da wani filin wasanni na baƙar fata a birnin Richmond, gidansu ma cikin filin yake. Tun yaron yana da shekara 7 wani ɗalibin jami'a mai suna Ronald Charity, wanda ke koyar da tenis a filin, ya nuna masa yadda ake riƙon raketi. Charity ne ya kai shi wurin likita, don ya ga yaron ya isa ya wuce gaba.

Da farko abin bai yi daɗi ba. Duk abin da aka gyara wa Ashe sai ya ƙi, ya ce ba haka malaminsa na farko ya koya masa ba. Har sai da aka kira ubansa. Uban ya zo ya ce masa ya zaɓa: ko ya bi maganar likita, ko ya tattara kayansa su koma gida. Yaro ya zauna. Ya yi ta zuwa gidan kowace shekara har 1960. Daga baya ya ci babbar gasar Amurka a 1968, ta Ostareliya a 1970, da Wimbledon a 1975. Likita bai ga wannan ta ƙarshe ba, ya rasu a 1971.

A ganina, cikin malaman nan biyu kada mu manta da Charity. Malamin da zai ce: «Na kai iyakata, je ka wurin wanda ya fi ni», ba kullum ake samun irinsa ba.

Yanzu labari zai tsallako teku ya zo nahiyarmu. A 1971 Ashe da wasu ƴan wasa suka zagaya ƙasashen Afirka suna nuna wasan tenis. Suka sauka Yawunde, babban birnin Kamaru. A kulob ɗin garin aka fito da yara su buga da baƙi. Cikinsu akwai wani mai shekara 11, Yannick Noah. Ubansa, Zacharie Noah, ɗan Kamaru ne, ya yi ƙwallon ƙafa a garin Sedan na Faransa har ya ji rauni ya dawo gida. Uwarsa Bafaranshiya ce, malamar makaranta. Ashe ya buga da yaron, ya ga abin da Charity ya gani gare shi shi ma a da. Ya ba shi raketi, ya kuma yi magana da Philippe Chatrier, wani babba a hukumar tenis ta Faransa. Aka kai yaron birnin Nice, makarantar da ake haɗa karatu da wasa. Ku tuna, yaro ne kamar ku, ya bar uwa da uba da ƙasa.

Malamin da ya daɗe tare da Noah shi ne Patrice Hagelauer, wanda aka haifa a Maroko. Bai yi suna a wasa kamar almajirinsa ba, amma da horonsa Noah ya ci babbar gasar Faransa ran 5 ga Yuni 1983.

Akwai wata gasa ta ƙasa da ƙasa da ake kira Kofin Davis. Kowace ƙasa tana da jagora mai zaɓen ƴan wasa, yana zaune bakin fili yana ba su shawara. A 1982 Amurka da Faransa suka haɗu a wasan ƙarshe a birnin Grenoble. Jagoran Amurka Ashe ne, babban ɗan wasan Faransa kuwa Noah! Amurka ta ci 4 da 1. Daga baya Noah shi ma aka naɗa shi jagora. A 1991, a birnin Lyon, ƴan wasansa suka ka da Amurka, Faransa ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1932. Ya sake kai ta ga kofin a 1996 da 2017. Ashe ya rasu a 1993.

Tambayoyi

1. Faɗi hanyoyi uku da mutum ke bi ya zama malamin tenis a kulob.
2. Don me likita Johnson ya gina fili a cikin gidansa?
3. Wace doka ya kafa wa yaransa game da ƙwallon da ta faɗa daf da layi? Kai da za ka iya bin ta? Faɗi dalilinka.
4. Me uban Ashe ya ce masa da aka kira shi?
5. Shekara nawa Faransa ta yi ba ta ɗauki Kofin Davis ba kafin 1991?

Aiki

Zana filin tenis na mutum biyu a allonka, ka rubuta tsawonsa da faɗinsa, ka lissafa kewayensa.

In ka koma gida, nemi wani mai sana'a ko ɗan kokawa na unguwarku. Tambaye shi wa ya koya masa, shi kuma wancan wa ya koya masa. Rubuta sunayen bi da bi, ka kawo aji gobe.