Neman Mahaifar Kaka a Tsoffin Takardu

Kafin ka nufi ma'ajiyar tarihi a Kaduna, zauna da tsohuwar gidanku. Tambaye ta sunan ƙauyen, da hakimin da suke kai wa haraji, da ranar da kasuwarsu ke ci. Sunan kaɗai ba ya isa, don Tudun Wada da Sabon Gari sun cika Arewa.

Kada ka dogara da ƙidayar 1931 ko ta 1952. Abin da aka buga jimillar mutane ce, ba sunayensu ba. Na fi amincewa da rahotannin haraji da jami'an Turawa suka rubuta gunduma-gunduma, waɗanda ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Sukan jera ƙauyuka, su faɗi asalin mazaunansu. Nemi fayil da sunan tsohon lardi: a wancan zamani Haɗeja tana Lardin Kano, Gusau tana Lardin Sakkwato.

Kula da rubutun Bature. Tasawa ita ce Tessaoua a takardun Faransawa. Wani garin ma ya tashi ɗungurungum, kamar tsohuwar Busa da ruwan Kainji ya cinye a 1968. In ka ji haka, bi sawun inda aka mai da mutanen, ka fara da gidan dagaci.