Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Riƙa Duba Imel Da Kanta Ta Hanyar Python Da Cron

Mai shagon da kwastomomi ke turo masa oda ta imel ba zai iya kwana yana gadin akwatin saƙo ba, kuma odar da aka makara gani ciniki ne ya wuce. Ɗan gajeren shiri na Python tare da cron na Linux zai ɗauke masa wannan wahala.

Mataki na 1: Kalmar sirri

Tun 30 ga Mayu 2022 Gmail ya daina karɓar kalmar sirri ta yau da kullum daga irin waɗannan shirye-shirye. Sai an kunna tantancewa mai mataki biyu, sannan a ƙirƙiri App Password mai haruffa 16. A rubuta adireshin imel a layin farko na wani fayil daban, kalmar a layi na biyu, a kulle shi da chmod 600. Kada wannan fayil ya hau GitHub.

Mataki na 2: Shirin

import imaplib
adireshi, kalma = open("/home/shago/.sirri").read().splitlines()
m = imaplib.IMAP4_SSL("imap.gmail.com", 993)
m.login(adireshi, kalma)
m.select("INBOX", readonly=True)
_, d = m.uid("search", None, "UNSEEN")
print(d[0].split())
m.logout()

Ba sai an sauke komai ba, imaplib yana zuwa ne tare da Python. Amfanin readonly=True shi ne hana shirin mayar da saƙo tamkar an karanta shi.

Mataki na 3: Tsara lokaci

A buga crontab -e, a saka wannan layi:

*/10 * * * * /usr/bin/flock -n /tmp/imel.lock /usr/bin/python3 /home/shago/imel.py >> /home/shago/imel.log 2>&1

Gurabe biyar na farko su ne minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Wato shirin zai tashi kowane minti 10. Dole a rubuta cikakkiyar hanyar kowane fayil, domin cron bai ɗauko saitin tashar mai amfani ba. Shi kuwa flock yana hana sabon zagaye farawa idan intanet ya yi jinkiri na baya bai gama ba.

Inda ake yawan tuntuɓe

UNSEEN yana kawo saƙonnin da ba a buɗe ba ne kawai. Idan mai shago ya riga ya buɗe odar a wayarsa, shirin zai tsallake ta ba tare da wani gargaɗi ba. Maganinsa a riƙa adana lambar UID ta ƙarshe da aka sarrafa a fayil, a kowane zagaye a ɗauki waɗanda lambarsu ta fi ta kawai.

Haka kuma cron ba ya rama zagayen da ya wuce kwamfuta na kashe. Inda wuta ba ta da tabbas, gara a ɗora shirin a kan ƙaramar sabar haya da ke aiki dare da rana.